Cindo da Mulmulawan Cikin Ƙwai

Da sunan Wanda ya fitar da mai ƙashi daga cikin ruwa, ya fitar da mai gudu daga cikin abin da ke mirginawa, ya jera gaɓoɓi bai nemi shawarar kowa ba. Bayan haka, jama'a, ku gyara zama, na tsaye ya nemi bakin tabarma, domin labarina na tafiya ne, tafiyar kuma da nisa.

Sunana Cindo, mutumin Tudun Marke, kuma wanda ya ji sunan ya riga ya san dalili. Hannuna na dama yatsu shida gare shi, na shidan ya tsiro a gefen babban yatsa kamar reshen da aka manta ba a sare ba. Ban taɓa jin kunyarsa ba. In muka zauna cin tuwo lomata ta fi ta kowa, in aka yi magana in ce ba ni na ƙera hannun ba. Abin da ya dame ni tambaya ce guda: ta yaya aka yi ya zo? Na tambayi Malam Jibo limaminmu, ya ce ikon Allah ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan na sani. Ruwan sama ma ikon Allah ne, amma muna ganin hadarin da ke kawo shi. Hadarin yatsa nake son gani." Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Ana nan sai wani bafatake ya sauka garinmu, ya ba ni labarin ƙasar Rairayin Ɗumi, can bayan Dutsen Kanwa. Ya ce a can Uwar Guzaye ke binne ƙwanta, kowane ƙwai ya kai girman gari mai ganuwa, ɓawonsa laushi kamar jemammiyar fata, da ƙofofin shan iska waɗanda mutum zai iya kutsawa. Wanda ya shiga, in ji shi, zai ga yadda ake gina jiki tun daga tushe. Ya ƙara da cewa bai taɓa jin wanda ya shiga ya fito ba, amma lokacin na riga na fara ɗaure guzuri.

Na ratsa dajin da itatuwansa ke kwanciya su huta in rana ta take. Na wuce garin da mutanensa ke tafiya da baya don kada su ga abin da ke jiransu. Har na iso mashigin Dutsen Kanwa, inda wani ƙato mai suna Zangina ya zauna ya toshe hanya da cinyarsa ɗaya.

Ya ce, "Ba mai wucewa sai ya yi wasa da ni. Ka ɓoye hannu ɗaya a baya, ka miƙe yatsun da ka ga dama, ni kuwa in canka. Ina da damar canka har in ƙure yatsun hannu. In na dace, kai ne kalacina."

Na dubi tarin takalman da ke gefensa, na gane yadda wasan ke ƙarewa. Na ɓoye hannun dama. Ya ce babu, na ce a'a. Ya ce ɗaya, ya ce biyu, yana lashe leɓe, har ya kai biyar. Na ce a'a. Ya ce, "Ƙarya kake yi." Na fito da hannun na buɗe masa a gaban hanci. Zangina ya dubi hannuna, ya dubi nasa, ya janye cinya ya gyara zama, ya shiga ƙirga yatsunsa daga farko, ko shi ne aka yi wa ƙwange. Na bar shi yana cire takalmi don ya duba na ƙafa.

Da na gangara Rairayin Ɗumi, sai ga ƙwai birjik, rabinsu a binne, sun yi fari fat kamar duwatsun da aka shafe da farar ƙasa. Na zaɓi ɗaya, na nemi ƙofar iska, na yi bisimilla na kutsa da ƙyar. Na faɗa cikin farin ƙwai mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, na yi ta iyo cikin wani haske ja-ja da ke ratso ɓawon, har na dafa gwaiduwa. Tudu ce rawaya, faɗinta ya fi gonakin garinmu gaba ɗaya. A samanta an shimfiɗa wata tabarma mai motsi.

Da na matso sai na ga ashe tabarmar jama'a ce. Tsayin kowannensu bai wuce gwiwata ba, a mulmule kamar dawon fura, ba ƙafa ba wuya. In ɗaya yana son hannu sai ya tsiro da shi ta kowane gefe, in ya gama ya maida abinsa ciki. Kowa yana riƙe da maƙwabtansa. Mulmulawa ke nan.

Na ce, "Salamu alaikum. Ina fadar sarkinku?"

Wata da ke bakin tabarmar ta amsa sallamar, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Mene ne sarki, Dogo?"

"Wanda ke faɗa muku abin da za ku yi."

"Ba mu da shi. Maƙwabciyata ta ja ni, in ja ta gabana. Hancina ya ji ƙamshi, in bi."

"To wa ya tsara aikin?"

"Wanda ya tsara ka. Kai ka taɓa ganinsa?"

Na ga bakinta ya fi girman jikinta, sai na ji ta kwanta mini a rai. Ta ce sunanta Kumbula. Muna cikin magana ta ce in dakata tana zuwa. Ta kumbura, ƙugunta ya tsuke, ta rabe gida biyu a gabana. Na ce, "Wacce ce Kumbula?" Duka biyun suka ce, "Ni ce." Suka kaure da gardama har jama'a ta ja ɗaya ta nutse da ita cikin wani kwari da dubbai ke kwarara ciki suna shigewa ƙarƙashin tabarma.

Na ce, "Waccan fa?"

Wadda ta rage ta ce, "Ta tafi ta zama hanji. Da ma ta fi ni son ci. Ka riƙe wannan, Dogo: a nan duk inda ka daɗe, abin wurin za ka zama."

Ban san tsawon zamana a can ba, don babu fitowar rana babu faɗuwarta. In yunwa ta kama ni sai in durƙusa in ɗebi gwaiduwa da hannun nan mai albarka. Wata rana na hango masu layin tsakiyar tabarma suna wani abu, na gangara in gani. Kowannensu yana da zare a kewayen kansa kamar mazagin wando, sai suka shiga tsukewa tare. Kai ya tsuke, gindi ya buɗe, tabarmar ta lotsa ta zama kwami. Ina tsaye ina sha'awa, gefen dama da na hagu suka tashi kamar katangu, suka sunkuyo, suka fara haɗuwa a samana kamar ana ɗinke bakin buhu.

Kumbula ta leƙo daga sama ta ce, "Dogo, lakar baya ake yi. In aka rufe da kai, aikinka kai saƙo daga kai zuwa wutsiya, ka dawo, ka koma, ba ranar hutu."

Ni da na bar gida don gudun aike. Na kama hawa, ina taka kawunan bayin Allah ina ba su haƙuri, amma kafin in kai, ɗinkin ya rufe. Na lura da biyun da suka riƙe juna daidai kaina, na sa yatsa na yi musu cakulkuli. Suka tuntsire da dariya suka saki juna, na fice. Sai dai dariyar ta kama maƙwabtansu, ta bi layi, ɗinkin ya shiga warwarewa.

Kumbula ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In wurin nan bai kama ba, guzan zai fito yana jan ƙafafun baya. Ba zai kai bakin ruwa ba za a cinye shi, da shi da mu duka."

Na dubi ramin da ke ƙara buɗewa. Na kwanta a kansa, na damƙi gefe ɗaya da hannuwa, na maƙale ɗayan da ƙafafu, na ja har na ji bayana zai karye. Na ce su tuna abin baƙin ciki, suka ce ba su da shi. Na ba su labarin yadda akuyar Malam Jibo ta mutu a rijiya, da ƙarin gishiri, har suka yi tsit suka miƙa hannu suka kama juna. Da na tashi, tafiyar tsofaffi na yi ta yi.

Bayan wannan Kumbula ta ce ayarinsu zai tafi gina ƙafar gaba, na ce da ni. Tafiyar Mulmulawa abin kallo ce. Na gaba su miƙa dogayen hannuwa suna lalube suna shinshina, na baya su tsuke su turo. In biyu suka yi karo, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya kama gabansa, amma da ya ga ya yi nisa shi kaɗai sai ya rugo cikin taro. Da wannan gudun juna da neman juna ayarin ke ci gaba, ba ya watsewa. Na ga ba su da madugu, sai na naɗa kaina. Na sha gabansu, na ɗaga sanda, na ce kowa ya biyo ni. Na yi tafiya mai tsawo ina ba da umarni, da na waiwaya sai na ga ni kaɗai ne, ayari ya karkata ya bi ƙamshinsa. Na dawo a guje na ce leƙen hanya na je.

Kumbula ta ce, "Sannu da aiki, madugu."

Muka isa wurin da ƙafar ta fara tsirowa, wani fili mai faɗi kamar mafici. A gefe ɗaya wasu tsofaffin Mulmulawa sun zauna sun kewaye tarin wani turare da ba ya buƙatar wuta, suna fifita shi. Kumbula ta bayyana mini yadda abin yake. Waɗanda ƙamshin ya cika wa hanci su jeru su zama ƙaramin yatsa. Na gaba da su, da suka ji shi da sauƙi, su zama mai bi masa. Haka har can ɗaya gefen, inda da ƙyar ake jin sa, nan ne babban yatsa.

Na ce, "Ke wane yatsa za ki zama?"

Ta ce, "Ni 'yar tsakani ce. Tsakanin babban yatsa da na kusa da shi aka ajiye ni." Ta faɗe shi kamar ba komai, ta kau da zance. "Ka ga curin turaren can da ya gangaro gefe? Ba mai kallonsa. Na sha tunanin abin da zai faru in wani ya kai shi bayan babban yatsa. Amma mu ba ma barin layi. Kuma abu ne da ke son ƙarfin hali, ba kowa ba."

Ban bari ta rufe baki ba. Na zagaya ta bayan tsofaffin, na gaishe su da ladabi, na tambaye su gajiya, na taka curin da ƙafa, na sunkuya kamar mai gyara takalmi. Na kai shi can bayan babban yatsa, inda wasu Mulmulawa ke zaune ba su da aikin yi, na ajiye a tsakiyarsu.

Suka ɗaga hanci. Ɗaya ya ce, "Ku kun ji abin da na ji?" Wani ya ce, "An ce mu ba yatsa ba ne." Na farkon ya ce, "Hancina bai san da wannan maganar ba." Nan da nan suka matso, suka cure, suka ja layi, ga sabon yatsa yana miƙewa inda ba a yi da shi ba.

Na dubi layin, na dubi hannuna, dariya ta kayar da ni zaune. Ashe hadarin yatsa ke nan: ƙamshi ya sauka inda ba wurinsa ba, bayin Allah suka bi hancinsu da zuciya ɗaya. Kumbula ta ɗago murya daga inda take ta ce, "Ka gani, Dogo? Wani shaƙiyyi ne ya ratsa ta hannunka."

Na daɗe ina dariya, kuma a tsakiyar sabon layin na zauna. Da na yunƙura zan tashi sai na ji an riƙe ni ta ko'ina. Maƙwabtana sun fara fitar da wani danƙo yana daskarewa a tsakaninmu. Ƙafafuna suka yi sanyi, suka daina jin taɓi. Na yi wa na damata cakulkuli, ya dube ni kamar na taɓa bango, don ya riga ya zama guringuntsi. Na yi roƙo, na yi barazana, na ce ni madugu ne. Danƙon ya kawo ƙugu.

Daga nan inda nake na ga abin da ya tsayar mini da kuka. Waɗanda ke tsakanin yatsu, 'yan tsakani, sun fara sallama da juna. Kowa ya saki hannun maƙwabcinsa, ya ƙanƙance, ya farfashe ƙanana, wasu manyan Mulmulawa masu shara suna bi suna kwashewa. Ba mai gudu a cikinsu. Inda suka bari sai sarari ya buɗe, yatsu suka fara rabuwa da juna.

Sai ga Kumbula ta mirgino ta bayan babban yatsa, ta rame har ta koma rabinta. Ta ce, "Layi ba ya barin gurbi. Ba za su sake ka ba sai wani ya cike wurinka."

Na ce, "Yaya Kumbula, ki taimake ni."

"Yau kuma ni ce Yaya?"

"Ko Inna kike so zan ce."

Ta yi ajiyar zuciya. "In na shiga nan na zama gaɓa, ba yawo, ba rabuwa biyu, har abada. Ka san girman abin da kake roƙo?"

Hawaye suka zubo mini, na ce na sani, na yi mata addu'o'in da ban taɓa yi wa kowa ba. Ta tsiro da siririn hannu ta zura ƙarƙashina, ta bi shi da sauran jikinta, ta kumbura. Na ji an turo ni sama kamar toshiyar gora, na fice na faɗi gefe. Ita kuwa ta baje a gurbina, ta kama na dama da na hagu, ta gyara zama kamar wadda ta dawo ɗakinta. Ramar ma ta fara barinta.

Ina murza ƙafafuna jini yana dawowa, sai lissafin ya fara zo mini. Na ce, "Dakata. 'Yan tsakani narkewa suke yi."

Ta ce, "Haka ne."

"Ke ma da kin narke."

"Da tuni."

"Kuma yatsu biyar duk sun cika, ba gurbi."

"Ko na sa allura."

"Sai fa in an sami na shida."

"Ka ga, ashe dogon nan da kai a samansa."

Na ce, "Tun yaushe kika shirya mini wannan?"

Ta ce, "Tun da ka yi sallama na ga hannunka. Na ce wanda ya zo da irin wannan, zai so ya ga yadda ake yi."

Na buɗe baki zan yi faɗa, na tuna addu'o'in da na zuba mata, sai dariya ta ƙwace mini. Na tambaye ta ko tsoron narkewa take ji. Danƙon yana hawa jikinta. Ta ce, "Ba tsoro ba ne. 'Yan'uwana sun tafi da daɗin rai, aikinsu ke nan, ba don su ba da guza ya fito da ƙafar agwagwa. Ni dai ka cika ni da labarin ƙasa, da rairayi, da rijiya, da akuya. Ina son in taka in ji yadda take." Sai ta dubi bayana. "Masu shara sun hango ka, kuma ba su san ka ba. Bi ta sararin da 'yan'uwana suka bari."

Na waiwaya na ga uku sun nufo ni da baki buɗe. Na faɗa ta tsakanin yatsu, na nutse cikin ruwan ƙwai, na yi iyo har ɓawo. Na sami ƙofar da na shigo, na sa kai, kafaɗa ta wuce, ciki ya ƙi. Gwaiduwar da na yi ta ɗiba ta tsaya mini a ƙugu. Dole na koma na raɓe a jikin ɓawo, ina kallon guzan yana cika ƙwan, zuciyarsa tana bugawa kamar ana daka a gidan biki, gwaiduwa tana ƙarewa, ni ma ƙibata tana sauka.

Ran da ya tashi fita, ya sa ɗan haƙorin da ke kan hancinsa ya tsaga ɓawon, ruwa ya kwashe ni ya watsar a kan rairayi. Ina kwance ya fito, jariri ne amma tsawonsa ya kai layin 'yan koli a kasuwa. Ya sunkuyo, ya zaro harshe ya lashe ni daga ƙafa har kai. Na ƙame, ko numfashi ban yi ba. Ya ji warin ƙwansa a jikina, sai ya ɗauke kai. Ya ɗaga ƙafar gaba ya dire ta dab da kunnena, rairayi ya tashi ya rufe mini fuska.

Na share ido na duba. Ga yatsun nan a baje, ga na shidan a gefe, ɗan gajere mai kauri a gaɓa. Na matsa kusa na rage murya na ce, "Yaya Kumbula, ga ƙasa. Ya kika ji ta?"

Yatsan ya lanƙwashe a hankali, ya nutsa cikin rairayi mai ɗumi, ya murza shi, ya sake murzawa. Sai gaɓar ta yi ƙas.

Guzan ya ja jiki ya nufi ruwa, ni kuma na karkaɗe rigata na nufi gida ta wata hanyar, don ban san ko Zangina ya gama ƙirga ba. A nan na sauke kayan labarina. Wanda ya yarda na gode, wanda bai yarda ba hanya tana nan, sai dai ya rage cin gwaiduwa.